Takalmin Zomo: Furen Tambarin Ƙasa a Inuwar Tsakar Gida



Sharhinmu na yau a kan fure ne. Na san akwai wanda ya riga ya miƙa hannu zai murɗa akwatin rediyonsa, yana cewa ana fama da tsadar hatsi, wani ya zo yana zancen fure. Dakata kaɗan, Malam. Furen da zan yi magana a kansa ka daɗe kana ganinsa, ko da ba ka sani ba.

Dubi tambarin Najeriya, wanda ke saman takardun gwamnati da ƙofar ofisoshi da bangon fasfo. Kowa ya san mikiyar nan ja da ke sama, da fararen dawakai biyu, da baƙar garkuwa mai zanen haɗuwar kogin Kwara da Binuwai a Lakwaja. To sauke idonka ƙasa, inda dawakan suka taka. Akwai ciyawa, a cikinta kuma akwai furanni. Tun 1960 da aka karɓi tambarin suke nan. Masana tsirrai suna kiran wannan shuka Costus spectabilis, ita ce furen ƙasa, kuma 'ya'yanmu suna haddace wannan sunan na Latin don cin jarrabawa. Amma tambayi malamin da ya koya musu ko ya taɓa ganinta a tsaye, da wuya ya ce e. Ko masu zanen ma sun yi mata kwalliyar da ba tata ba, domin a yawancin tamburan ja ake shafa wa furen, alhali a daji launinsa ruwan ɗorawa ne shar.

Bahaushe ya san ta tun kafin a yi tambari. Takalmin zomo yake ce mata, wasu kuma tabarmar zomo. Wani likita ɗan Sukotland mai suna John Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai daga bakin manoma da makiyaya da masu magani, ya buga su a matsayin ƙamus a 1916, kuma wannan suna yana ciki. Har ma masanan lambun Kew da ke Ingila sun taɓa raɗa wa shukar sunansa, suna zaton sabuwa ce, daga baya aka gane ita ce dai wadda aka riga aka sani daga Sudan. Yankinta yana da faɗi, daga yammacin Afirka har Habasha, ya gangara kudu zuwa Angola da Zimbabuwe.

Bari in siffanta muku ita, tun da rediyo ba ta nuna hoto. Ba ta da kara. Ganye huɗu take fitarwa, masu kauri da ruwa-ruwa, zagayayyu, kowanne ya kai tafin hannun babban mutum, wani ya fi. Su huɗun sai su kwanta a ƙasa lif, ɗaya gabas ɗaya yamma, ɗaya kudu ɗaya arewa, kamar an jera faya-fayai huɗu baki da baki. Sau da yawa gefen ganyen yana da ɗan jan layi siriri. Daga tsakiyarsu furen ke fitowa, buɗaɗɗe mai lallausan baki, faɗinsa kusan yatsu huɗu a jere. In ka fito da hantsi za ka same shi a buɗe, kafin gari ya sake wayewa ya yanƙwane, wani ya biyo bayansa. Haka za su yi ta karɓa-karɓa na 'yan makonni a farkon damina. A ƙarƙashin ƙasa kuwa saiwa ce doguwa mai kauri, lulluɓe da ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa. Dangin citta ce da gangamau, shi ya sa wanda ya san yadda manoman Kachiya suke adana irin citta ya riga ya san rabin aikin.

To mene ne haɗin wannan da mu mutanen Ƙofar 'Yandaka? In an ambaci ƙofar nan, masu tarihi Gwamna Lugga suke tunawa, domin ta nan ya shigo Katsina a 1903, direbobi kuma hanyar Batsari. Ni abin da nake gani in na ratsa lungunanmu shi ne inuwa. Tsohuwar unguwa ce, gidaje a matse, katanga na jingine da katanga, ga bedi kusan a kowace ƙofa. A kowane gida akwai wani saƙo da rana ba ta daɗewa a cikinsa: bayan ɗaki, gefen zaure, tsakanin madafa da katanga. An gwada barkono a wurin ya yi tsawo ya ƙi 'ya'ya, an gwada tumatir ya zube. Daga nan sai a yanke hukuncin cewa wurin ba ya shuka, a mayar da shi ma'ajiyar fasassun bokitai da tsohuwar taya. Alhali akwai tsirran da Allah Ya halitta don irin wannan wuri. A daji, takalmin zomo a gindin itatuwa take zama, da gefen suri, da tsakanin duwatsu inda ganye ke taruwa ya ruɓe. Rana tsaka takan ƙona mata ganye.

Amma babbar hujjata ba inuwa ba ce kaɗai, ruwa ne. Je ka wajen masu sayar da fulawa a bakin titi ka ga abin da ke cikin ledojinsu. Buganbiliya mai ƙaya da ke hawa katanga daga Kudancin Amurka ta fito. Dogayen itatuwan nan sirara da ake jerawa a ƙofar manyan gidaje 'yan Indiya ne. Shi kansa bedin da muke ɗauka namu ne, daga can nahiyar Asiya aka kawo shi, a Borno aka fara dasa shi a 1928. Ban ce a tsige su ba, bedi ya yi mana rana, ya kuma yi mana inuwa. Sai dai yawancin ƙananan furannin da ake sayarwa, da korayen ciyayin da ake shimfiɗawa a farfajiya, ba su san rani ba. Suna neman ruwa a watan Maris da Afrilu, daidai lokacin da famfo ya ɗauke, rijiya ta ja baya, ruwan madatsar Ajiwa ya zama sai an yi sa'a, uwargida na ƙirga jarkokin da mai kura ya sauke. Wace mace ce za ta zuba wa fure ruwan da ta saya don tuwo?

Takalmin zomo ba ta sa ki wannan zaɓi. Da kaka ta yi, ganyenta zai yi rawaya ya bushe, ta janye abincinta zuwa cikin saiwa, ta kwanta. Hunturu ya zo ya wuce tana barci, zafin bazara ya zo ya wuce tana barci. A duk tsawon wannan lokaci ba ta son ruwa, in ma an ba ta ruɓewa take yi. Sai ta ji danshin damina sannan ta farka. Kalandarta ita ce kalandar ƙasar nan, ba sai an koya mata ba. Shekara da shekaru za ta yi ta haka a tukunya ɗaya, tana ƙaruwa.

Kada kuma in yi muku daɗin baki. Birnin Katsina ba shi ne asalin mazauninta ba. Ta fi sabawa da dazuzzukan da suka fi namu ruwa, irin na ƙasar Zazzau da Filato da Neja da Adamawa. Mu nan ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, Zariya kuwa tana haura 1,000. Daminarmu wata huɗu ce in ta yi kyau, tasu ta kan kai biyar zuwa shida. Ƙasarmu jigawa ce, ruwa na sauka yana zurarewa. Saboda haka wanda ya tona rami a fili ya jefa saiwa ya tafi, kada ya zargi kowa. Akwai ɗan taimakon da take bukata, kuma ga shi dalla-dalla.

Fara da wuri. Abin da ake nema shi ne hasken safe da inuwar azahar. Gindin katangar da ke fuskantar gabas ya dace, rana ta leƙo da hantsi, kafin ta take ta koma bayan katanga. Sai dai ku lura da indararo. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, in ruwan soro ya zubo kai tsaye a kanta zai tone saiwar ya farfasa ganyen. A matsar da ita gefe. Inuwar zogale da gwaba da lemun tsami tana da kyau domin haske na ratsa ta. Ta tsamiya da tsohon mangwaro ta yi duhu da yawa, za ki samu ganye, fure kuwa sai dai kaɗan. Gawo kuma kada ma a fara, shi da yake zubar da ganyensa da damina, daidai lokacin da ake bukatar inuwarsa. Ƙarƙashin bedi ana iya yi, amma saiwoyinsa sun mamaye ƙasar sama, suna shanye komai, don haka a can sai a tukunya, a ɗora ta a kan bulo biyu.

Ni a ganina, a gidajenmu na cikin gari, tukunya ta fi ko'ina. Ba sai an sayi sabuwa ba. Tsohon kasko mai faɗi, ko randar da ta tsage aka daina zuba mata ruwa, sun fi robar zamani, domin yumɓu yana numfashi kuma ba ya ɗaukar zafi kamar baƙar roba. Faɗi ake so fiye da zurfi, saboda ganyen shimfiɗuwa yake yi. A huda ƙasanta, a rufe hudar da tsingaro, a zuba ɗan tsakuwa. Ƙasar da za a cika ta da ita kuwa, a haɗa rairayi da ruɓaɓɓen ganye da takin shanu ko na awaki wanda ya shekara ya huce, ya zama baƙi yana marmashewa a hannu. Ganyen da ake sharewa kullum ana ƙonawa a ƙofar gida, da an tara shi a rami tun bara, shi ne abincin da ta fi so. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona ta. Takin zamani ma ba ta bukatarsa sosai, wanda ya matsa sai ya zuba, to ɗan kaɗan, nesa da tsakiyar ganyen.

Saiwar a kwance ake sa ta, ba a tsaye ba, a rufe da ƙasa kamar gaɓar yatsa biyu. Lokacin shuka shi ne ƙarshen bazara, wajen watan Mayu, sa'ad da hadari ya fara haɗuwa. A ɗan yayyafa ruwa, a jira. Kada a tona don a ga ko ta tsiro, tohonta yana da saurin karyewa. In ta fito, sai a kula da abin da manomanmu suka sani sarai: ruwan farko a Katsina ya kan sauka sannan ya ɗauke kwana da kwanaki. A irin wannan tsakani sai a taimaka mata, ƙasar ta zauna da danshi amma kada ta yi caɓi. Ruwan alwala ya wadatar. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai sabulu, a kai shi kwata.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne ƙarshen damina. Fure ya riga ya wuce tun Yuli, ido ya bar kanta, ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Satumba. Amma a wannan lokacin ne ganyen ke aikinsa na gaske, yana tara abinci a sabuwar saiwar da za ta yi furen baɗi. A can ƙasarta ruwa na ci gaba har Oktoba. Saboda haka mu nan sai mu cika mata wannan gibi, mu ci gaba da ba ta ruwa na wasu makonni, har ganyen ya fara rawaya da kansa. Da ya fara, sai a rage, da ya bushe, sai a tsaya cak. A ɗauke tukunyar a kai ta inda rana ba ta dukanta, nesa da gindin randa da wurin alwala, kada a ajiye ta a kan sumunti mai zafi. A riƙa ɗan dubawa saboda gara.

Yanzu bari in faɗi manyan maƙiyanta. Akuya da kaji kowa ya san su, tsohon kwando ko ɗan shingen kara ya isa. Babbar matsalar ita ce tsintsiya. Tsakar gidan Bahaushe sau biyu ake share shi a rana, kuma yarinyar da aka tasa da asuba ta yi shara ba ta bambanta ganyen da aka shuka da wanda iska ta kawo, musamman wanda ya kwanta a ƙasa. Wannan ma wani dalili ne na sa ta a tukunya. Na biyu kuma shi ne mai gyaran gida. Rani ya yi, ga kasko cike da busasshiyar ƙasa ba ko tsinke a kai, sai wani mai son tsafta ya juye shi a bola ya zuba wa kaji ruwa a ciki. A sanar da mutanen gida, a kafa ɗan kara a ciki, ko a shafa wa tukunyar alama.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa a fili ba, amma sai mun faɗe ta. A garin nan, mace ta ajiye tukunya a lungu da wata shuka mai saiwa wadda ba a ci, kafin mako ya zagayo an ce gadali ta dasa. Kishiya ta ji, uwar miji ta ji, magana ta kai zaure. Mun san abin da ake faɗa a kan gadali, da irin surkullen da wasu ke haɗawa da shi, mun kuma san malamai sun yi ta wa'azi a kai, kuma suna da gaskiya. Amma wannan tsoron ya sa mun yi kuɗin goro, mun kori duk wani tsiron dajinmu daga gida, muka bar wa na ƙetare fili, su ba wanda ke zarginsu. Maganin zargi shi ne a yi abu a sarari. Hajiya, ki sa tukunyarki inda kowa ke wucewa, ki faɗi sunanta, ki kira yara su ga furen ranar da ya buɗe, ki nuna musu shi a jikin tambarin da ke littafinsu. In ta yi yawa ki raba wa maƙwabta. Abin da aka raba wa unguwa ba ya zama asiri.

Rabon kuwa ba wuya. A watan Afrilu, kafin ta farka, sai a juye tukunyar a hankali a kan buhu. Za ka ga tsohuwar saiwa ta motse ta zama fanko, kusa da ita ga sababbi masu nauyi, kowacce da idonta a baki. A raba su da hannu a hankali, inda ya karye a shafa toka, a bar su kwana ɗaya a inuwa su sha iska, sannan kowacce ta samu mazauninta.

To ina za a samo ta tun farko? Nan ne nake so mu yi hattara. Ba na so a ce an ji a rediyo, gobe a ga buhunan saiwa a kasuwa an yashe daji. Abin ya faru a wani wuri. Akwai wata 'yar'uwar citta ta daji mai fure ruwan hoda da shuɗi-shuɗi, masana na ce mata Siphonochilus aethiopicus, ita ma tana fitowa a dazuzzukan yammacin Afirka. A Afirka ta Kudu masu magani sun yi ta tonon ta suna sayarwa har ta ƙare ƙaf a dajin lardin KwaZulu-Natal, sai da taron ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da namun daji, wanda aka yi a Johannesburg a 2016, ya sa wa fataucinta daga ƙasashen kudancin Afirka takunkumi. Shukar da ake tonowa da saiwarta ba ta da wani abin da ta bari a baya. Dazuzzukanmu na yamma kuwa, su Rugu, ba ma wurin da zan tura kowa neman fure ba ne a halin da ake ciki.

Hanyar da ta dace ita ce ta gonaki. Duk shekara ana sharar sababbin gonaki a kudancinmu, ana yanka filaye, ana fasa hanyoyi, garma da katafila suna juye irin waɗannan saiwoyi su bushe a rana. Wanda ke da ɗan'uwa manomi a can, ko direban da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Zariya da Kaduna, ya yi masa kwatance: ganye huɗu a kwance, fure ruwan ɗorawa a tsakiya. Da damina ake gane ta, sai a sa alama, a ɗauko bayan ganyen ya bushe. Biyu ko uku sun isa gida guda. Sauran aikin na masana ne. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan Katsina, muna da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Ɗalibi guda mai neman abin da zai rubuta a shekararsa ta ƙarshe zai iya gwada mana wace inuwa da wace ƙasa suka fi karɓar ta a yanayinmu, a yawaita ta, a miƙa wa masu sayar da fulawa. Makarantun firamare ma, kowacce da tukunya ɗaya a gindin bishiyar da ake taron safe, ai gani ya kori ji.

Wanda ya fara wannan harka zai so ya ƙara wasu, domin dajinmu ba fure ɗaya gare shi ba. Akwai albasar kwaɗi, mai manyan furanni farare da jan layi a tsakiya, wadda ke fitowa a bakin fadama. Ita ta fi son haske da ruwa, a sa ta a bakin inuwa, ba cikinta ba. Akwai baurairai, wadda wasu ke kira gatarin kurege, mai hawa da ƙarshen ganyenta, furenta ja da rawaya a murɗe, ita ce furen ƙasar Zimbabuwe. Duk su biyun suna barcin rani kamar takalmin zomo. Amma ku ji wannan da kyau: dukansu suna da dafi. Albasar kwaɗi ta yi kama da albasar miya, baurairai kuwa saiwarta na iya kashe mutum, kuma an sha samun waɗanda suka ci ta bisa kuskure suna zaton doya ce ko dankali. Gidan da ke da ƙananan yara masu kai komai baki, ko dabbobi a sake, a haƙura da waɗannan biyun tukuna. In an ajiye saiwarsu da rani, kada ta kusanci madafa ko rumbu, kuma a wanke hannu bayan an taɓa.